Magungunan Danne Garkuwar Jiki da Kumburin da ke Biyo Bayan Dashen Zuciya: Abin da Gwaji a Kan Dabbobi Ya Nuna

 

Mas'alar da nake so in gabatar a gabanku yau ta shafi wani zato ne da ya daɗe da samun gindin zama a zukatan ɗalibai, har ma da wasu daga cikin malamansu, wato cewa muddin aka dasa wa dabba zuciyar wata dabbar, aka ba ta maganin da ke danne garkuwar jiki, zuciyar kuma ta ci gaba da bugawa, to, an gama da kumburi ke nan. Abin da na fahimta daga bibiyar gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka da ɓeraye da aladu da birai, tun daga farkon ƙarni na ashirin har zuwa yau, shi ne kumburin da ke samun zuciyar da aka dasa iri-iri ne, kowanne da lokacinsa da sababinsa da rundunarsa, kuma magungunan da muke tinƙaho da su iri ɗaya tak suka fi ƙarfi. Sauran kuwa, wani su taɓa shi sama-sama, wani su sake masa kama, wani ma su hana shi cika wani aikin alheri da ya zo yi. In na ce kumburi, abin da likitoci ke nufi nake nufi: taruwar fararen ƙwayoyin jini a cikin tsoka, da tsattsafowar ruwa daga hanyoyin jini, da sinadaran da ƙwayoyin nan ke aika wa juna suna gayyato 'yan'uwansu.

A shekarar 1905 ne Alexis Carrel da Charles Guthrie, a Jami'ar Shikago ta Amurka, suka cire zuciyar ɗan kwikwiyo suka ɗinke jijiyoyinta da na wuyan wani babban kare, ta buga kimanin sa'a biyu kana ta tsaya. Bayan haka, a 1933, Frank Mann da abokan aikinsa a asibitin Mayo suka kyautata ɗinkin har wata zuciya ta kai kwana 8, kuma da suka yanka ta suka duba a ƙarƙashin madubin likita, suka tarar tsokar ta cika maƙil da fararen ƙwayoyin jini, sai Mann ya yanke hukunci cewa illar ba daga hannun mai ɗinki take ba, wani saɓani ne na halitta tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Peter Medawar ne ya fayyace haƙiƙanin wannan saɓani a Ingila a 1944, lokacin da ya nuna cewa zomon da aka dasa wa fatar wani zomo, in aka sake dasa masa fatar wannan zomon karo na biyu, ya fi saurin kashe ta, wanda hujja ce bayyananniya cewa jiki yana gane baƙo, yana kuma tuna shi. Saboda haka da Richard Lower da Norman Shumway na Jami'ar Stanford suka ba da labari a 1960 cewa karnukansu, waɗanda aka cire wa zuciyarsu ɗungum aka sa musu wata a gurbinta, sun tashi sun ci abinci sun yi yawo, sa'an nan suka mutu tsakanin kwana 6 da 21, babu wanda ya yi jayayya a kan cewa aikin wuƙa ya kammala, saura aikin magani.

Maganin kuwa daga fagen yaƙi da sankarar jini ya fito. A 1959 Robert Schwartz da William Dameshek a Boston suka ga cewa wani maganin sankara yana hana zomo mayar da martani ga baƙon sinadari, Roy Calne ya jarraba shi a kan karnukan da aka dasa wa ƙoda, daga nan aka koma ga ɗan'uwansa mai suna azatayofirin, wanda Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa samun kayan ginin da suke bukata, ba ya kuwa bambanta ƙwayar da ke kai wa zuciya hari da wadda ke tsare huhu daga cuta. Aka haɗa shi da magungunan jinsin kotizon, waɗanda ke shiga cikin ƙwaya su rufe bakin yawancin sinadaran kira.

Akwai wani abu a rahoton Lower da Eugene Dong da Shumway na 1965 da ya cancanci a tsaya a kansa. Sun lura cewa duk sa'ad da jikin kare ya fara ƙin zuciyar, tsayin zanen da na'urar auna lantarkin zuciya ke yi a kan takarda sai ya riƙa raguwa kullum, domin tsokar ta sha ruwa ta kumbura, ruwan kuma yana dusashe lantarkin kafin ya iso fata. Maimakon su riƙa ɗura wa karnukan magani ba dare ba rana, abin da ke kashe su da cututtuka, sai suka riƙa jira har zanen ya fara gajarta, su ba da azatayofirin da kotizon na 'yan kwanaki, zanen ya miƙe, su dakata. Da wannan dabara aka sami karen da ya kai kwana 250. Amma mizanin nan mai wuyar riƙo ne. Mutumin farko da Christiaan Barnard ya dasa wa zuciya a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, ran 3 ga Disamba 1967, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa bayan kwana 18, alhali garkuwarsa tana danne.

To, galibin abin da muka sani bayan wannan zamani daga cikin ɓera muka samo shi, don haka wajibi ne in bayyana yadda ake gwajin, gama ƙarfinsa da rauninsa duka a nan suke. A hanyar da Ono da Lindsey suka tsara wa manyan ɓeraye a 1969, wadda Robert Corry da abokansa suka mayar ga ƙananan ɓeraye a 1973, ba a taɓa zuciyar mai karɓa ko kaɗan. Ana buɗe cikinsa ne, a ɗinke babbar jijiyar baƙuwar zuciya da babbar jijiyar da ta ratsa ta bayan hanji, a ɗinke jijiyar huhunta da jijiyar da ke mayar da jini sama, da zaren da ya fi gashin kai siranta, a ƙarƙashin madubi. Da an saki matsewar, tsokar da ta yi fari fat a ruwan sanyi sai ta yi ja, ta ɗan yi makyarkyata, ta kama bugawa. Daga ranar nan, kowace safiya mai bincike zai ɗauki ɓeran ya danna cikinsa a hankali da yatsa biyu, ya ji bugun, ya rubuta ƙarfinsa, har ranar da ya ji abin ya zama dunƙule mai tauri ba motsi. Tsakanin ɓeraye biyu da jinsinsu ya yi nisa, in ba magani, wannan rana tana zuwa bayan kimanin mako guda. Sai dai zuciyar da ke cikin nan ba ta ɗauke da nauyin tura jini ga jiki, jinin da ke ratsa ta na ciyar da ita kanta ne kawai. Saboda haka tana iya ci gaba da motsi a ƙarƙashin yatsa alhali da ita ce ke riƙe da ran dabbar da tuni ta gaza. Duk wanda ya karanta cewa wani magani ya kai zuciya kwana 100, ya kamata ya tambaya: a wane hali aka same ta da aka yanka?

Kumburi na farko yana somawa tun ƙwayoyin da muke kira limfosait, waɗanda su ne ke gane baƙo, ba su san an yi baƙuwa ba. Hasali ma yana somawa tun zuciyar tana ƙirjin mai ita, domin Markus Wilhelm da Nicholas Tilney sun nuna a shekarar 2000 cewa zuciyar da aka ɗauko daga ɓeran da ƙwaƙwalwarsa ta mutu tana zuwa ne bangon hanyoyin jininta a harzuƙe, jikin mai karɓa kuma ya fi saurin ƙin ta. Sa'an nan ga zaman da take yi a cikin ƙanƙara ba jini, wanda a wajen mutane ba a son ya wuce kimanin sa'a 4, ga kuma dawowar jinin farat ɗaya, wadda ita kanta rauni ce. Ƙwayoyin tsokar da suka mutu suna zubar da abin da ke cikinsu, jiki kuwa yana ɗaukar wannan a matsayin yekuwa, cikin 'yan sa'o'i sai ga fararen ƙwayoyin jini na jinsin nutrofil sun yi dafifi, makurofaj na biye da su. Dalilin da ya tabbatar da cewa wannan kumburi ba ruwansa da baƙunta shi ne ana ganinsa ko da tsakanin ɓeraye masu gado iri ɗaya sak aka yi dashen, sai dai a can yana lafawa da kansa, in zuciyar baƙuwa ce kuwa shi ke share wa kumburi na biyu hanya. Robert Fairchild da ɗalibansa a Kilibilan sun nuna a 2005 cewa in aka tare wa nutrofil hanyar shiga zuciyar a kwanakin farko, ɗan gajeren maganin da shi kaɗai ba ya isa sai ya wadatar wajen tsawaita ranta ƙwarai. In aka ɗebe kotizon, magungunanmu na yau da kullum tasirinsu a kan wannan mataki kaɗan ne.

Kumburi na biyu, wato harin limfosait na jinsin T, shi ne inda aka yi babbar nasara, kuma ba ni da niyyar rage mata daraja. Saikulosforin, wanda kamfanin Sandoz na Basel ya samo daga wata fumfuna da aka ɗebo a ƙasar tsaunukan Noway, wanda kuma Jean-François Borel ya bayyana tasirinsa a 1976, an fara ganin ƙarfinsa a dashen gaɓa ne a zuciyar ɓera, a hannun Alkis Kostakis da David White da Calne a Kambirij a 1977, sai kuma a zuciyar alade a 1978. Takurolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar bakteriya ta ƙasar Tsukuba a Japan a 1984, shi ma ta zuciyar ɓera ya bi, a gwajin Takenori Ochiai na 1987. Dukkansu biyu wuri ɗaya suke kamawa, wani sinadari mai suna kalsinurin, wanda in an ɗaure shi ƙwayar T ba ta iya fitar da intalukin-2, abin da take kiran kanta da 'yan'uwanta da shi su hayayyafa. Rundunar da za ta cika tsoka cikin mako guda sai ta kasa taruwa.

Amma a lura da abin da ya biyo baya. Da aka fara amfani da saikulosforin a Stanford daga ƙarshen 1980, alamar nan ta gajartar zanen lantarki, wadda ta yi wa likitoci jagora shekara da shekaru, sai ta daina aminci, domin ƙin yana zuwa yanzu a sanyaye, ba yawan ruwa a tsoka, ba zazzaɓi, har sai ɓarna ta yi nisa. Ba don Philip Caves ya riga ya ƙera ɗan ƙarfen nan mai baki kamar hantsaki ba, wanda ya fara jarrabawa a kan karnuka a farkon shekarun 1970, ana zura shi ta jijiyar wuya a gutsuro ɗan ƙanƙanin nama daga cikin zuciya, Margaret Billingham kuma ta tsara ma'aunin karanta shi, da an shiga duhu. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa magani yana sake wa kumburi kama. Ga kuma harajin da yake karɓa, na lalata ƙoda da hawan jini, wanda kowa a zauren nan ya sani.

Kumburi na uku shi ne ya fi damuna, domin irin wutar ƙaiƙayi ce, sama toka ƙasa ci. Tsokar zuciya tana nan lafiya a ido, bugu yana nan, amma bangon cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita yana ta kauri, zagaye guda, tun daga manya har ƙanana, makurofaj da limfosait suna zaune a ƙarƙashin fatar bangon, ƙwayoyin tsoka masu santsi suna ta ƙaura zuwa ciki suna hayayyafa, har ramin da jini ke bi ya zama kamar na allura. An gan shi a karnukan Lower da suka daɗe, an gan shi a mutum na biyu da Barnard ya yi wa aiki, wanda ya rayu wata 19, kuma zuwan saikulosforin bai kawar da shi ba. Gwajin da ya fi gamsar da ni cewa wannan cuta ce mai zaman kanta shi ne na Hiroaki Nagano, tare da Peter Libby da Richard Mitchell a Boston a 1997: a jikin ɓerayen da aka cire wa ikon yin sinadarin intaferon-gama, harin da ake kai wa tsoka bai fasa ba, amma jijiyoyin suka tsira daga kaurin. Ashe ƙofa biyu ce, kowacce da mabuɗinta. A nan ne rafamaisin ya nuna fifiko, maganin da aka samo daga ƙasar tsibirin Rapa Nui, wanda Randall Morris a Stanford da Calne a Kambirij suka jarraba a zuciyar ɓera a 1989. Tun da yake yana hana ƙwaya amsa kiran hayayyafa, kowace iri ce, sai ya kama limfosait ya kuma kama ƙwayoyin bangon jijiya, aka tabbatar da haka a ɓeraye da birai, kana a 2003 aka gan shi a mutane da ɗan'uwansa ebarolimus. Wannan siffa tasa kuwa ita ce kuma ke jinkirta warkewar rauni bayan tiyata.

Sai mas'alar da ta fi kowacce ban mamaki. A 1996 Christian Larsen da Thomas Pearson na Jami'ar Emory suka toshe hanyoyi biyu da ƙwayar T ke karɓar izini na biyu kafin ta kai hari, na 'yan kwanaki kawai, sai zukata suka daɗe a jikin ɓeraye ba tare da wani magani ba, jijiyoyinsu kuma garau. Bisa ƙiyasi, ƙara saikulosforin a kan wannan ya kamata ya ƙara alheri. Da aka ƙara shi sai ya rushe amfanin. Binciken da ƙungiyoyin Terry Strom da Laurence Turka suka fitar a 1999 ya warware sirrin: kafin jiki ya saba da baƙuwa sabo na dindindin, sai ƙwayoyin da ke ƙin ta sun farka tukuna, sun soma hayayyafa, sa'an nan su mutu a kan hanya, intalukin-2 kuwa yana daga cikin sharuɗɗan wannan mutuwa. Saikulosforin yana sa su barci ne da ransu, ranar da aka janye shi su tashi. Rafamaisin kuwa yana barinsu su farka su mutu. Fadi Lakkis ma ya nuna cewa ɓeran da ba ya yin intaferon-gama, sinadarin nan da muka zarga ɗazu da toshe jijiya, ba ya samun wannan sabo. Lalle wanda ya ɗauki kowane kumburi a matsayin abokin gaba zai yi wa haƙuri da baƙo illa da hannunsa.

Ba zan ɓoye ba cewa abin da ya yi kyau a ɓera sau da yawa ya kan yi rauni a biri, kuma an san ɗaya daga cikin sabubban. Ɓeran ɗakin bincike a tsabtataccen keji aka haife shi, bai taɓa haɗuwa da cutar kirki ba, garkuwarsa ba ta da abin tunawa. Andrew Adams da Larsen sun nuna a 2003 cewa in aka bar shi ya sha fama da wasu ƙwayoyin bairos tukuna, maganin da ke sa 'yan'uwansa su saba da dashe sai ya kasa a kansa. Biri da ɗan Adam kuwa kowannensu ya zo da tarihin cututtukansa.

Inda dukkan waɗannan suka haɗu a wuri ɗaya shi ne dashen zuciyar alade a jikin gwaggon biri. Hukuncin shari'a game da alade a halin larura fage ne na malaman fiƙihu, ni abin da ya shafi kumburi kawai zan taɓa. Muhammad Mohiuddin da abokansa a Amurka sun ba da rahoto a 2016 cewa zuciyar aladen da aka gyara wa gado, da aka dasa a cikin gwaggon biri tare da maganin da ke toshe hanyar izinin nan ta biyu, ta kai kwana 945, kuma da aka rage maganin sai ƙi ya dawo. Ƙungiyar David Cooper a Fitsbag ta lura cewa ko da an danne ƙwayoyin T sarai, jinin birin yana nuna kumburin da ya game jiki duka, intalukin-6 ya hau, kuma wannan yana rigayar rikicewar daskarewar jini. Suka kuma gano daga baya cewa maganin tosilizumab yana toshe wa intalukin-6 ƙofa a ƙwayoyin biri amma ba ya kama ta alade, ta yadda baƙuwar gaɓar ita ce ke zama a buɗe. A Miyunik ta Jamus, Matthias Längin da Bruno Reichart, waɗanda suka cire zuciyar birin suka sa ta alade a gurbinta, sun yi ta asarar dabbobinsu cikin kwanakin farko har sai da suka daina ajiye zuciyar a ƙanƙara, suka riƙa ratsa ta da ruwan sanyi mai jini da iska tun daga cirewa har ɗinkewa. Suka haɗa da magunguna masu tare sinadaran kira, suka janye kotizon da wuri, suka sauke hawan jini, suka ba da wani ɗan'uwan rafamaisin don hana zuciyar girma fiye da ƙirjin. A rahotonsu na 2018 birai biyu sun kai kwana 182 da 195. Matakin da ya fara buɗe musu hanya, a lura, na rage raunin sa'o'in farko ne.

A kan wannan turba ce nake ganin aikin Mounia Braza da Jordi Ochando da Willem Mulder na 2018 a Niyok yake da muhimmanci, domin sun naɗe rafamaisin a cikin ƙananan ƙwayoyin kitse da makurofaj da iyayensu na cikin ɓargo ke haɗiya, suka yi wa ɓeraye 'yan allurai a makon farko, sai makurofaj ɗin da ke shiga zuciyar suka zama masu kwantar da tarzoma maimakon masu hura ta, zukatan kuma suka daɗe. Ɓeran keji ne har yanzu, kuma sharaɗin da na ambata ɗazu yana kansa.

Saboda haka roƙona ga masu irin wannan bincike, da masu tace shi kafin a buga, shi ne kada a wadatu da ƙidayar kwanakin bugu. A yanka wasu zukatan a yini na farko da na biyu a ga abin da nutrofil suka yi, a bar wasu su wuce mako takwas a auna kaurin jijiyoyinsu, a riƙa ajiye rukunin dashe tsakanin masu gado ɗaya domin a rarrabe raunin aiki da na baƙunta, a kuma faɗi tsawon mintocin da kowace zuciya ta yi ba jini. Haka nan a bayyana maganin ciwon da aka ba dabbar bayan tiyata, da sunansa da yawansa. Dabbar nan amana ce a hannun mai bincike, ba ya halatta a bar ta cikin azaba da hujjar kada a gurɓata sakamako, balle ma zafin ciwo shi kansa yana motsa garkuwar jiki. Sai dai magungunan jinsin asfirin suna taɓa kumburin da ake aunawa kai tsaye, shi ya sa galibin ɗakunan bincike suka fi karkata ga bufirenofin, kuma ko shi ya kamata kowane rukuni ya sami daidai abin da ɗan'uwansa ya samu, a lokaci ɗaya.